Ragon Suna da Ƙashin Inna

Talata, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Baban Ummi ya dawo daga mayanka yau da ɗan rago a cikin keke. Fari ne, da baƙin tabo a ido ɗaya kamar wanda ya sa kwalli ya manta ɗayan. Ya ɗaure shi a bayan ɗakinmu, ya zuba masa dusa, ya wanke hannu, ya ce in kawo abinci. Ban tambaye shi dalili ba. Babbar Sallah ta wuce, kuma mahauci ba ya kiwon rago a gidan haya a Abakpa ta Inugu don sha'awa. Kowa a gidan nan ya san ragon suna in ya gan shi.

Ni ce ma na fi kowa rashin tabbas. Tun kafin azumi ban yi fashin sallah ba, azumin bana ban sha ko ɗaya ba. A gidan da mata ke alwala a bakin kwata ɗaya wannan ba ya ɓoyuwa. Yaya Sharifa, babba a cikin matan gidan hayar nan, ta fi ni sanin kwanakina. Ba wadda ta buɗe baki ta faɗa, kunya ba za ta bari ba, sai dai na ga ayyukana suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Turmi aka fara ɗauke min. Yau da tankar ruwa ta zo na fito da bokitina, Angelina maƙwabciyata ta fisge shi ta ce, "Madam, abeg koma ki zauna." Yaya Sharifa ta karɓe shi daga hannunta ta shige da shi ɗakinta, wai za ta ajiye min.

Ummi ta kusa gama firamare, kuma tun daga kanta shiru. Asibiti ban je ba. Ina tsoron in je a gaya min wani abu dabam, mai kemis ɗin layinmu kuma abokin Baban Ummi ne, ina zan kai fuskata in ce ya ba ni abin gwaji?

Alhamdulillahi. Ina dai so in ji motsi, ko sau ɗaya.

Alhamis, 10 ga Yuli, da hantsi

Zafin nan ya sake taso min daga ƙirji zuwa fuska, ana ruwan sama ina fifita. Yaya Sharifa ta gan ni ta yi murmushi, ta ce ɗa namiji ne ke sa haka. Wannan ne mafi kusa da aka taɓa zuwa ga maganar.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan azahar

Ƙanena Aslam ya kira daga Anacha. Inna ta karye. Ba faɗuwa ta yi daga wani wuri ba, ba mota ba. Ta gama alwala ta yunƙura za ta tashi daga kujerar tsugunno, ƙafa ta ɗan zame, ta zauna a ƙasa, shi ke nan ta kasa tashi. A tabarma aka ɗauke ta.

Baban Ummi ya ce, "Hanyar Anacha ba ta da kyau." Na san abin da yake nufi. Na ce uwata ce. Ya raka ni tasha da kansa, ya yi ta rigima da kwandasta har aka ba ni gidan gaba, ya ce wa direba, "Oga, small small, I beg you." Na yi dariya a raina. Mutumin da ke kayar da bijimi ne yake roƙon a bi rami a hankali.

Asabar, 12 ga Yuli, Anacha, bayan la'asar

Kawunnaina sun so a kai ta wajen mai ɗori. Aslam ya tsaya kai da fata ya ce asibiti, kuma na gode masa, don ƙashin ƙugu ne ya karye, ba inda za a ɗaure da kara.

Likitar mace ce, Inyamura, ta yi bautar ƙasa a Gusau, tana jin Hausa mai ɗan karkata. Ta ɗaga hoton ƙashin Inna a hasken taga ta nuna mana. Ta ce ƙashin mace mai shekarun Inna bai kamata ya zama haka ba, ya yi huji-huji kamar soson wanka. Inna ba ta kai sittin ba. Sai ta tambaye ta, a gaban Aslam, yaushe jininta ya ɗauke.

Inna ta juya fuska bango. Na ce wa Aslam ya je ya sayo ruwa, ga ruwa nan a gabansa, amma ya gane ya fita.

Inna ta ce, "Tun ina goyon wannan da ya fita. Bai sake dawowa ba."

Likita ta ce, "Mama, ba ki je asibiti ba?"

"In je in ce me? An sauwaƙe min. Sallata ba ta yankewa, azumina cif. Mata har cewa suke na yi dace."

Likita ta yi rubutu. Sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke ce 'yarta? Naki fa?" Na ce tun kafin azumi. Na sunkuyar da kai na ɗan taɓa mayafina yadda za ta gane. Ta ce, "Kin yi gwaji?" Na ce a'a. Ta tambayi shekaruna, na ce talatin da biyar. Ta ce in biyo ta.

Lahadi, 13 ga Yuli, da safe

An duba, an sake dubawa da na'ura. Ba abin da muke zato ba ne. Babu kowa a ciki, ba a taɓa samun kowa ba.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan azahar

Ranar zaman gida ce, na dolen nan da ake yi duk Litinin a ƙasar Inyamurai, gari tsit, ko keke babu a titi. Na wuni ina yi wa Inna fifita. Ta tambaye ni me ya sami idona, na ce hayaƙin risho ne.

Baban Ummi ya kira. Ya tambayi jikin Inna, sannan ya ce, "Ke fa, kina cin abinci?" Ina jin kukan ragon a bayansa. Na ce ina ci.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan magariba

An yi wa Inna aiki jiya, an sa ƙarfe, ta farfaɗo lafiya. Abin da ta fara tambaya shi ne ina carbinta. Alhamdulillahi, alhamdulillahi. Wannan da zuciya ɗaya na faɗe shi.

Yau sakamakon jinina ya fito. Likita ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa da ni, ba ta zauna bayan tebur ba. Zan rubuta yadda na fahimta don kada in manta.

Ta ce kowace mace da rumbunta na ƙwai ake haihuwarta, yana raguwa a hankali har ya ƙare, yawanci wajen shekara hamsin. Akwai wani sinadari a jini da suke kira AMH, shi ke nuna abin da ya rage a rumbun. Nawa ya yi ƙasa ƙwarai, sauran gwaje-gwajen ma haka suka nuna. Rumbuna yana rufewa da wuri, irin na Inna.

Na ce, "To haihuwa fa?"

Ta ce, "Ba zan ce ba zai taɓa yiwuwa ba, Allah ne mai yi. Amma kada ki zauna jira. Na'ima, ni ba don haihuwa na kira ki ba."

Ta ce rumbun nan ba 'ya'ya kaɗai yake bayarwa ba, daga nan ne sinadarin da ke riƙe ƙashin mace yake fitowa. In ya rufe da wuri, ƙashi zai yi shekara da shekaru yana zubewa, ba ciwo, ba alama, sai ranar da mutum ya zame a bakin kwata. Ta ce gwajin ba duban boka ba ne, bai ce lalle zan karye ba, masana ma suna kan bincike a kansa. Yana dai gaya mana mu buɗe ido tun yanzu. Ta ce, "Mamanki ba wanda ya gaya mata. Ke an gaya miki."

Ta rubuta min ƙwayoyin da za su mayar wa jiki abin da ya rasa. Ta ce in riƙa tafiyar ƙasa, in shiga rana, in sha nono da madara, in ci ƙananan kifi da ƙayarsu, in ci gaba da aikina na gida, daka da ɗiban ruwa daidai ƙarfina, don ƙashi da aiki yake ƙarfi. Na kusa yin dariya. Ta ce kuma a je a auna ƙarfin ƙashin da wata na'ura, ta ba ni sunan wani wuri a Fatakwal.

Ina miƙewa ta ƙara da cewa, "Ki sani, maganin zai dawo miki da jini duk wata."

Na koma na zauna.

Lahadi, 20 ga Yuli, Abakpa, bayan la'asar

Na dawo. Matar kawu ta karɓi jinya.

Ragon ya yi kumatu. Ummi ta ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Mata suka fito yi min sannu da hanya da ya mai jiki, kowacce idonta na sauka ƙasa da fuskata sannan ta ɗauke da sauri. An share min ɗaki, an cika min randa, Yaya Sharifa ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kuka. Wallahi mutanen kirki ne. A garin da ba namu ba, su ne dangina, kuma ban san da bakin da zan gode musu ba.

Ƙwayoyin na sa su a ƙasan kwalla, ƙarƙashin zannuwa. Ban ɓare ba. Ranar da na fara sha, ƙarshen wata zan bar zuwa bakin kwata, kuma gidan nan kaf zai gani.

Talata, 22 ga Yuli, da hantsi

Na ɗauki tsintsiya, an ƙwace. Na fita bakin ƙofa in sha rana, an ce in koma ciki kada jiri ya ɗebe ni.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan azahar

Yaya Sharifa ta shigo ta zauna a bakin gado, ta yi ta zagaye-zagaye, tsadar tumatir, ruwan saman bana. Can ta ce, "Na ga abin bai fito ba. Kada ki damu, kwanciya ya yi. Ƙanwata nata ya kwanta shekara guda, ya tashi, ga yaron nan yanzu yana tuƙa tirela." Ta ciro wani ƙulli ta ce in jiƙa in sha safe da yamma.

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Ta yaya zan ƙaryata maganar da ba wanda ya taɓa faɗa? Da wani ya ce "Na'ima tana da ciki," da na ce ba ni da shi. Ba wanda ya ce. Rago kawai aka ɗaure, aka ɓoye bokiti.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan magariba

Na yi niyyar gaya wa Baban Ummi yau. Na tarar da shi tsugune yana ba ragon ɓawon ayaba da hannu, yana ce masa, "Ci, malam, ci, aiki na gabanka." Wannan mutumin da ba ya haɗa kalma goma a wuni. Na ce masa ruwan wanka ya yi zafi.

Litinin, 28 ga Yuli, da rana

Zaman gida. Ni kam kullum ma zaman gida nake.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan la'asar

Angelina 'yar Zonkwa ce, Hausarta ta fi tawa gudu, amma kunyarmu ba ta dame ta ba. Ta kawo min ruwa ta tsaya riƙe da ƙugu ta ce, "Ni fa na gaji da wannan ɓoye-ɓoyen naku. Wata nawa ne? Wane asibiti kike awo? I no see you go clinic even once."

Ita ce mutum ta farko da ta tambaye ni. Na buɗe baki in ce lafiya lau, sai kuka ya riga ni.

Ta rufe ƙofa ta saurare ni har ƙarshe. Da na gama ta ce, "Ina maganin?" Na nuna kwalla. Ta ce, "Jesus! Ƙashinki na narkewa kina ajiye magani cikin zani saboda rago? Ni da hannuna na ƙwace miki bokiti, Allah ya yafe min. Tell your oga, ki gaya wa maigidanki, Na'ima. Ba zai cinye ki ba."

Na ce ba tsoronsa nake ba. Fuskarsa nake tausayi. Ta ce fuska za ta warke, ƙugu ne ba ya warkewa da sauƙi. Na roƙe ta kada ta gaya wa kowa, ta yi alkawari tana harara ta.

Allah ya saka wa Angelina da alheri. Har na ji yunwa bayan ta fita.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan azahar

Aslam ya kira ya juya min wayar in gani. Inna ce tsaye, riƙe da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, tana ja a hankali daga gado zuwa taga, tana faɗa wa nas ɗin da ke riƙe da ita cewa ita ba jaririya ba ce. Na yi ta kabbara ni kaɗai a ɗaki.

Da ta zauna ta kori Aslam, ta kawo wayar kusa da bakinta. Ta ce likita ta gaya mata nawa, don ta matsa mata da tambaya. Ni da Inna ba mu taɓa irin wannan maganar ba.

Ta ce, "Kin tuna ƙusar da nake rataye fitila a ɗakina? Da da hannu nake kaiwa. Shekarun nan sai na taka kujera. Zanina ya riƙa jan ƙasa, na ce masu saƙa ne suka ƙara tsawo. Ni ce nake raguwa ban sani ba." Ta numfasa. "Kin fara shan abin?"

Na ce ban fara ba.

Ta ce, "Ni jahilci ya cuce ni, ke kuma kunya za ki bari ta cuce ki? Wallahi in na taka da ƙafata na zo Inugu na tarar ba ki sha ba, da wannan ƙarfen zan rafke ki."

Ban taɓa jin daɗin faɗan Inna irin na yau ba.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan la'asar

Na faɗa.

Ya dawo daga masallaci, bai ko cire babbar riga ba ya zagaya wajen ragon. Na bi shi. Na ce, "Baban Ummi, ragon nan."

Ya ce, "Ya yi kyau ko?"

Na ce, "Babu sunan da za a yi."

Hannunsa ya tsaya a bayan ragon. Ya ce, "Ya zube ne? Hanyar Anacha ce?"

Na ce, "Babu shi tun farko."

Na gaya masa duka, rumbun, gwajin, ƙashin Inna, ƙwayoyin da ke cikin kwalla. Ban san ko ya ji rabi ba. Ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce tun Anacha. Ya ce, "Kika bar ni ina ta ba shi dusa." Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya sa takalmi ya fita.

Asabar, 2 ga Agusta, da hantsi

Ya dawo jiya, ya ci abinci, ya kwanta. Da asuba ya tafi mayanka. Ni na ba ragon ruwa.

A raina na riga na raɗa wa ɗan da nake zato suna, Muhammad Sani. Ba wanda ya sani, kuma yau na daina kiransa.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Ya shigo da baƙar leda mai nauyi ya dire a gabana. Ƙafafun saniya ne har huɗu, an babbake an wanke, da ƙasusuwan ɓargo, da wutsiya. Na ce baƙi za mu yi? Ya ce, "Kin ce ƙashi."

Na dube shi, na dubi ledar, dariya ta kama ni har da hawaye, daga nan ban san inda dariyar ta tsaya kukan ya fara ba. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Sai ya ce, "Ɗauko maganin." Na ɗauko. Ya juya kwalin gaba da baya kamar mai karantawa, ya ɓare da kansa, ya ɗebo ruwa a moɗa, ya tsaya a kaina har na haɗiye.

Ya ce, "Na ga yadda aka ɗauki Inna a hoton da Aslam ya turo. Ba za a ɗauke ki a tabarma ba, in Allah ya yarda. 'Ya'ya na Allah ne, ya ba mu Ummi." Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba ke kika yi ba."

A nan dai ba mai gani, bari in rubuta sunansa sau ɗaya. Sharfuddeen. Allah ya yi maka albarka.

Laraba, 13 ga Agusta, Fatakwal, bayan azahar

Ya bar mayanka ya kawo ni da kansa. Mun sauka gidan yayansa Bubayero a Mile 3, kusa da tasha, inda hon ɗin mota ba ya barin mutum ya ji kansa. Matar gidan ta tarbe ni da filo biyu a bayana, ashe labarin ragon ya riga mu zuwa.

Na'urar ba ta da zafi, kwanciya kawai na yi ta wuce ta kaina. Likitan nan ya ce ƙashin ƙuguna ya fara sirancewa kaɗan, amma an kama shi da wuri, in na riƙe magani da motsa jiki akwai kyakkyawan fata. Za a sake aunawa nan gaba a gani.

Baban Ummi ya gyara murya ya tambaya da guntun Turancinsa, farfesun ƙafar saniya fa? Likita ya yi dariya ya ce a ci, yana da daɗi, amma ba zai maye gurbin magani ba. A hanya Baban Ummi ya ce likitan bai san ƙafar saniya ba ne. Ni dai na ci farfesu har na fara mafarkinsa.

An kama shi da wuri. Tun daga Fatakwal nake maimaita wannan.

Lahadi, 17 ga Agusta, da hantsi

Baban Ummi ya kwance igiyar ragon ya miƙo min. Ya ce, "An ce ki riƙa tafiya. Shi ma zama ya ishe shi. Akwai ciyawa a filin bayan makaranta."

Na ce ba za a sayar ba? Ya ce a'a. Ranar da Inna ta shigo gidan nan da ƙafarta, ba ƙarfe ba sanda, ranar za a yanka shi a yi sadaka.

Muka fita ni da rago. Shi yake ja na, ba ni nake jansa ba. Masu shago suna ta "Madam, how much?" Rana ta taɓa min fuska da hannuwa, na yi gumi na gaskiya, ba irin wancan ba. Da na dawo na tarar Yaya Sharifa ta tare Baban Ummi a zaure tana cewa, "Sharfuddeen, ba ka da tausayi ne? Mace a wannan hali ka ba ta igiyar dabba?" Ya sunkuyar da kai ya sha faɗan, bai tona ni ba. Angelina tana bakin ƙofarta ta cusa zani a baki.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan la'asar

Zafin nan ya ragu. Yau na wuce shagon kayan jarirai ban tsallaka titi ba, na dai kawar da kai.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan azahar

Jiya abin ya zo, kamar yadda likita ta ce. Asuba ban fita alwala ba, azahar ban fita ba. Kafin la'asar gidan ya yi tsit.

Yau da safe na ji ana hura wuta a tsakar gida. Na leƙa, babbar tukunyar nan ce ta wankan jego aka ɗora, an kawo ganyen darbejiya, wata tana dama kunun kanwa. Ɓari suka ɗauka na yi. Yaya Sharifa ta shigo idonta jajur ta ce, "Sannu Na'ima. Allah ya mayar da alheri. Ragon nan ne, na faɗa, na faɗa."

Da na yi shiru da an yi min wanka, an tausaya min, magana ta mutu a rufe, laifi ya zauna kan Baban Ummi da rago. Wallahi na yi tunanin hakan. Sai na tuna Inna da ƙusar fitilarta.

Na fito tsakar gida na ce su sauke tukunyar. Na gaya musu, da sunan komai, abin da ban taɓa zaton bakina zai iya faɗa a gaban mutane ba. Na ce ba ciki ba ne, bai kwanta ba, babu shi. Jinina ne ya ɗauke da wuri irin na mahaifiyata, kuma shi ya cinye mata ƙashi. Na ce magani nake sha, kuma likita ta ce in yi daka, in ɗebi ruwa, in shiga rana.

Can Yaya Sharifa ta zauna a kan turmi ta ce, "Innalillahi. Mu muka zaunar da ke a ɗaki, muna ganin gata muke miki."

Na ce gata ne, Yaya, ban taɓa ganin irinsa ba, kuma har in mutu ba zan manta ba.

Angelina ta ce, "To kunun fa? Make we no waste am, kada a yi asararsa." Aka yi dariya, irin wadda ake yi ana share ido, muka zauna muka shanye shi tare. Da za a watse, Hadijatu matar mai shayi ta ja ni gefe ta tambaya a hankali, yaya sunan gwajin nan? Ita ma nata ya fara tsallake.

Talata, 2 ga Satumba, da hantsi

Aslam ya ce Inna ta kai bakin ƙofar gida jiya, ta dawo da kanta. Na gaya wa ragon ya shirya.

Ina dawowa daga filin na ji hon ɗin tankar ruwa a bakin layi, mata suna ta fitowa da gudu da jarkoki. Na ɗaure ragon na zagayo. Bokitina na nan a bakin ƙofata, shuɗin nan mai fasasshen hannu da na ɗaure da waya. An wanke shi tas, an ɗora gammo a kai, babu ko ɗigon ruwa a ciki.

Daga bakin zaure Yaya Sharifa ta ɗaga murya ta ce, "Na'ima, ki yi sauri mana, layi ba ya jiran kowa!"

Na ɗauka na bi su. Alhamdulillahi, da nauyinsa.